Abin da Ke Ɓoye a Ƙarƙashin Rufin Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a unguwarmu ta Dar es Salam, nan birnin Yamai, tsakanin azahar da la'asar a cikin watan Afrilu, yana jiran tasi ko ƙaramar bas ta faba-faba da za ta sada shi da kasuwar Katako ko ta Wadata, ba ya bukatar wani malami ya yi masa sharhi a kan ma'anar zafi. Domin da zarar ya kai hannu ga mariƙin ƙofa ƙarfen zai soma yi masa bayani, in kuwa ya samu wuri ya zauna, rufin da ke bisa kansa shi zai ƙarasa masa karatun. A wannan wata ma'auni kan kai digiri 41 a galibin ranaku, wani lokaci ya zarce, kuma wannan lissafin iskar inuwa ne, wanda ya sha bamban da na akwatin ƙarfe da gilashi da aka girke a rana. Saboda haka ban yi mamaki ba da na ga masu ɗinkin kujerun mota, waɗanda muke kira tapisiye, sun shiga tallan wani soso mai gam a bayansa, wanda ke zuwa a naɗe kamar tabarma, wani baƙi wuluk, wani da fuskar alminiyom mai ƙyalli, ana ɓare takardarsa a manna shi cikin rufi da ƙofofi da daɓen mota, suna cewa da shi an rabu da zafi an kuma rabu da ƙara.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni ma na taɓa shiga hannu, kuma daga nan wannan magana ta samo asali. Ina da wata tsohuwar mota, irin waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Turai kafin a sauke su a Kwatano su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Yadin silinta ya saki, ya zazzago har yana shafar hulata, na yi ta tokare shi da allurai kamar yadda kowa ke yi, da na gaji sai na kai ta wurin wani mai wannan sana'a, wanda ba zan ambaci sunansa ba tun da yanzu mun shirya. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce, "Alhaji, bar mini ita zuwa gobe, in ka shiga sai ka rantse kilim aka sa maka." Kashegari na tarar da aiki sumul, na biya har da tukuici. Mako uku ban ga wani aibi ba. Da bazara ta kankama sai wani wari mai hawa kai ya riƙa tashi duk ranar da motar ta yini a rana. Ran nan kuma, muna kan hanyar Dosso zuwa ɗaurin aure, ni da wani dattijo wanda nake jin nauyinsa ƙwarai, silin gaba ɗaya ya sauko mana kamar an jefa mana bargo. Da na tsaya na duba, ashe guntayen soson katifa ne aka harhaɗa, aka shafa musu gam irin na masu gyaran takalmi. Dattijon bai ce uffan ba sai da muka wuce Birnin Gaure, sa'an nan ya gyara rawaninsa ya ce, "Ɗana, wannan ai gyaran gangar Abzinawa aka yi maka."

Da zafin wannan kunya na shiga tambayar makanikai da masu bugun ƙarfe, na kuma karanta abin da Allah ya hore mini a kan mas'alar. Abin da na tsaya a kansa shi ne, soson nan yana da fa'ida ta haƙiƙa, sai dai ba ta kai yadda masu talla ke zuzuta ta ba. Fa'idar tana rataye ga irin kayan da aka sa da amanar wanda ya sa su. Kuma wanda ya fi kowa cancantar a yi masa wannan aiki shi ne direban haya, alhali shi ne ba a cika yi wa ba.

Mu fara da zafi, tun da shi ya fi addabar jama'a. Yamai tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ma'anar wannan kuwa ita ce, sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar kai a lokacin zawali, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin ƙafafunsa. Na Agusta hadari da ruwa kan rufa mana asiri, na Afrilu kuwa babu wani shamaki. A irin wannan sa'a kowane murabba'in mita na rufin mota yana karɓar kimanin wat 1000 na ƙarfin rana, kwatankwacin dutsen guga na lantarki a kunne, kuma ƙarfe mai duhun fenti kan haura digiri 70. Wannan shi ne zafin da soso ke iya tarewa, saboda cikinsa iska ce aka tsare a ƙananan kafofi, ita kuwa iska idan aka hana ta motsi malalaciya ce wajen kai zafi daga wuri zuwa wuri. Shi ya sa wanda ke zaune ƙarƙashin rufin da aka yi wa aikin kirki ba ya jin hucin nan mai dukan ƙeya da maɗiga. Amma babbar ƙofar zafi gilashi ce. Hasken rana yana ratsa shi ba tare da sallama ba, ya faɗa kan sitiyari da kujeru da baƙin allon gaba, su gasu, su kuma gasa iskar ciki wadda ba ta da mafita. Wasu masu bincike a Kalifoniya ta Amurka sun buga a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics a shekarar 2005 cewa zafin cikin rufaffiyar mota kan ƙaru da kimanin digiri 22 cikin sa'a guda, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuwa a rabin sa'ar farko yake aukuwa, kuma ɗan sassauta gilashi bai hana wani abin a zo a gani ba. Mai karatu ya ɗora 22 a kan 41 namu ya gani da kansa. Don haka kada uban da ya sa wa motarsa soso ya ɗauka ya sami hujjar barin yaro a ciki ya shiga kasuwar Dar es Salam cefane, ko da na minti goma ne.

Akwai kuma wata gaskiya da masu talla kan tsallake, wadda duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro ya sani ba da karatu ba. Katangar tubali mai kauri ba ta haifar da sanyi, jinkirta zafi take yi. Da rana ka sami ɗakin da ni'ima, da dare kuwa ta amayo abin da ta haɗiya, ka ɗauki tabarmarka ka fita tsakar gida. Haka motar da aka lulluɓe da soso: tana jinkirin ɗaukar zafi ta rufi, tana kuma jinkirin sakin wanda ya shigo ta gilashi. Mai kilim, wato na'urar sanyaya iska, shi ya fi cin riba, don sanyin da injinsa ya wahala ya samar zai daɗe bai tsere ba. Wanda ba shi da kilim abin da zai samu shi ne sauƙin hucin rufi da na daɓe, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne ga mai yini a ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin wannan nazari shi ne yadda muka bar mai sauƙi muka kama mai wuya. Tare zafi tun bai shiga ƙarfe ba ya fi kokawa da shi bayan ya shiga, kuma kakanninmu da suka saƙa malfa mai faɗin baki, suka kafa rumfar zana a ƙofar gida, sun riga mu gane haka. Turawan da suka ƙera Land Rover ta da domin ƙasashen zafi hikimar malfar nan suka bi, suka ɗora wa rufin wani faifan ƙarfe na biyu, suka bar tazara tsakani iska na ratsawa. A shekarar 2011 kuma masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka suka ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, baƙa da mai launin azurfa, suka tarar rufin mai hasken fenti ya fi na baƙar sanyi da har digiri 25, iskar cikinta kuma da digiri 5 zuwa 6. Gwangwanin fenti mai haske ke nan ya yi abin da soso mai tsada zai sha wuya kafin ya yi. Ga shi kuwa tasin Yamai da jan kai aka san su, har sunan ya bi su. Na san alama ce da ke taimakon fasinja ya hango mota daga nesa, amma da magabatan birni za su ji shawarar talaka, da an mai da jan ya zama ɗamara a gefe, aka bar tsakiyar rufin fari. Ita ma fuskar alminiyom da ake yaudarar mai saye da ƙyallinta sai da sarari a gabanta take aiki. In an danne ta da yadi ko an manna ta jikin ƙarfe, ƙyallin ado ne kawai wanda ba mai ganinsa. Sai kuma inuwa, wadda ita ce uwar magani. Ɗamarar itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa kewayen Yamai tun 1965 muna gani ana yanka ta filaye, kuma kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itace da ganga da jawabi. Da rabin wannan himma za ta koma ga tashoshin mota da bakin kasuwanni, inda direbobi ke jiran lodi, da sun fi gode mana.

Sunan unguwarmu ma'anarsa gidan aminci, amma wanda gidansa ke bakin kwalta ya san kunne bai sami rabonsa daga wannan suna ba, balle wanda kunnensa ke cikin motar kanta. A nan ne ruɗanin ya fi yawa, domin abin da muke tarawa mu kira ƙara ba abu ɗaya ba ne. Akwai amon ƙarfen kansa: rufi da ƙofa faifai ne masu faɗi marasa kauri, inji da gargadar hanya suna kaɗa su kamar fatar ganga. Maganin wannan irin na makaɗi ne, wanda in yana son kashe amo sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar. Tafin hannun a nan kuwa wata roba ce mai nauyi da danƙo, ana kiranta butil, da alminiyom a bayanta, kuma ba lalle ne a shafe faifan duka da ita ba, 'yan faci a tsakiyar inda ya fi rawa sun wadatar, sauran asarar kuɗi ce da ƙarin kaya ga ƙaramar mota irin Starlet. Akwai kuma ƙarar da ke shigowa daga waje, ta taya da salansa da iska, ita kuwa nauyi ke tare ta da toshe kafa. Masana amo sun ce duk lokacin da aka ninka nauyin shamaki, ƙarar da ke ratsa shi kan ragu da kimanin desibel 6. To, soso ba shi da nauyi, shi ya sa wanda ya manna shi kaɗai yana jiran shiru irin na maƙabarta zai ji an cuce shi. Aikinsa a fagen ƙara shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da roba ya hana su cacar baki, ya kuma rage amsa-kuwwar cikin ɗakin. Sau da yawa ma, robar bakin ƙofa da ta bushe ta tsattsage, da ramin da tsatsa ta ci a daɓe, da salansar da ta fashe, su ne ke kawo rabin hayaniyar. Wanda ya shimfiɗa soso a kan ramin daɓe bai toshe shi ba, ya ɓoye wa idonsa hanyar da hayaƙin inji ke bi ya shigo, hayaƙin da gubarsa ba ta da wari kuma takan sa direba gyangyaɗi.

Shi kansa soson iri biyu ne, kuma jahiltar wannan bambanci shi ya ja mini abin kunya a hanyar Dosso. Akwai mai buɗaɗɗun kafofi, irin na katifa da na wanke-wanke, wanda ke shan ruwa ya riƙe. Akwai mai rufaffun kafofi, wanda ko ka nutsa shi a randa ka matse ba zai zubo da kome ba. Na farko yana tsotse amo, amma a daɓen mota ko cikin ƙofa bala'i ne a garin da damina ke mai da tituna gulabe, kamar yadda muka gani a ambaliyar Agustan 2024; zai jiƙe, ya kwana da laima a jikin ƙarfe, tsatsa ta yi aikinta a ɓoye har ran da ƙafar fasinja za ta leƙa kwalta. A ƙasan kowace ƙofa kuma akwai ƙananan ramuka da maƙera suka bari da gangan domin ruwan da ya bi gilashi ya fice, na ga wanda ya toshe su da soso yana alfahari da tsabtar aikinsa. Sai maganar gam, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin a ƙasa irin tamu: gam ɗin da aka yi domin sanyin Turai, ko wanda aka haɗa da kwalta don araha, zai yi laushi a ƙarƙashin rufin Afrilu, ya yi wari, ya saki. Ko mai kyau ne, ba ya kama ƙarfen da ƙurar hunturu ko maiƙo ya rufe, sai an goge an bar shi ya bushe, an manna da safe a inuwa, an bi shi da abin murzawa har iska ta fita daga ƙarƙashi. Jarrabawar kuwa ba ta bukatar ɗakin bincike. A yanki ɗan ƙyalle a tsoma a ruwa. A manna wani a gutsuren kwano a kife shi a rana kwana uku a ga ko zai saki. A ɗauki na uku a fita fili, nesa da fetur, a kusanta masa ashana a ga ko zai mutu da kansa in an janye wutar, ko kuwa zai ci gaba da ci yana ɗiga.

Wannan jarrabawa ta uku ita ce wadda nake roƙon kada a yi wasa da ita. Soson katifa daga sinadarin foliyuretan ake yinsa, wanda Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a 1937, kuma duk alherin da ya kawo wa bayan 'yan Adam, in ya kama wuta yana ci da gaggawa, hayaƙinsa kuma na ɗauke da gubar kabon monoksaid da sayanaid, waɗanda kan kayar da mutum tun harshen wutar bai iso shi ba. Ba banza ba Amurka ta kafa ƙa'ida mai lamba 302 tun 1972, wadda ta hana a sa wa cikin mota kayan da wuta ke ci fiye da inci 4 a minti guda, Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da tata mai lamba 118 domin manyan motocin fasinja. Yanzu mai karatu ya kawo a ransa Hiace mai mutum 19, ƙofar fasinja guda ɗaya, wayoyin lantarkinta an sha yi musu ɗori, wataƙila da jarkar fetur ɗin bakin hanya da ake kira ruwa-ruwa ƙarƙashin kujera, sa'an nan a shimfiɗa wa mutanen nan soson katifa a bisa kawunansu daga gaba har baya. Malaman usulu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, kuma ban san inda ƙa'idar ta fi dacewa da nan ba. Kusa da inji da bututun salansa kuwa, inda zafi ke kai ɗaruruwan digiri, ko soso mai kyau ba wurinsa ba ne; can akwai kayan da aka yi musamman da zaren gilashi.

Duk wannan ya dawo da mu ga amana, domin aikin soso aiki ne da ake binnewa. Mai fenti aikinsa na fili, kowa ya ga kyau ko muni. Mai soso kuwa da ya mayar da silin ya ɗaura sukurori, babu mai sanin abin da ke ciki sai shi da Mahaliccinsa, har sai bazara ta zo ta tona. Wanda ya yi karatun zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid ta jera algus da yaudara da ɓoye aibi a cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, ya kuma san ƙissar da Imamu Muslim ya ruwaito, ta mai sayar da abinci wanda ya ɗora busasshe a sama ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa a cikin tsibin ya taɓo laimar ya tsawatar masa. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a yana lamunin abin da aka damƙa masa, kuma maslahar mutane ce ta sa suka tsananta haka. Ba na cewa duk tapisiye maha'inta ne. Da yawansu ba su taɓa jin bambancin soso da soso ba, haka suka gada daga maigidansu, kuma sau da yawa mu masu motar ne ke matsa musu da neman ragi har su koma ga guntayen katifa, mun manta araha ba ta ado. Abin da nake nema ga mai sana'a kaɗan ne: ya nuna naɗin kafin ya yanka, ya faɗi irinsa da inda ya dace da shi, in abin da kuɗin mutum zai iya saya ba zai jure ba ya gaya masa tun da wuri, ya kuma miƙa masa ragowar ƙyallen ya tafi da shi shaida.

Na bar maganar direba zuwa yanzu ne don ita ta fi nauyi a zuciyata. Ni da ire-irena mukan shiga mota rabin sa'a mu fita, mu kwana muna ƙorafi. Direban faba-faba kuwa tun bayan asuba yake zaune har bayan isha'i, kuma a Hiace injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, wato rana na gasa shi daga sama, inji na gasa shi daga ƙasa, yaron motarsa na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni. Wanda ke ɗaukar hanyar Maraɗi, fiye da kilomita 600, ko ta Damagaram, kusan 900, shi ma haka. A bazarar 2024, wadda ta faɗo cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, mu ma nan mun ɗanɗana namu, kuma mutanen nan ba su ajiye aiki ba, domin kuɗin da mai mota ya yanka musu kullum ba ya sanin bazara. Ta fuskar kunne kuma, cibiyar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na sa'a 8, duk ƙarin desibel 3 kuma sai a raba lokacin biyu. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa tohowa. Mu lura da tsofaffin direbobinmu a tasha, yadda suke magana da ƙarfi, yadda suke karkato da kunne ɗaya in ana gaishe su, sai mu ce halin 'yan tasha ne, alhali rauni ne da sana'a ta yi musu a hankali ba wanda ya biya diyya. Mutumin da zafi ya dafa, ƙara ta cika masa kai, shi ne muke damƙa wa rayukanmu da na 'ya'yanmu, sa'an nan mu yi mamakin saurin fushinsa. A ganina, rufe murfin injin da kayan da suka dace, da gyara rufin da ke kan direba, haƙƙi ne a wuyan mai mota, daidai da haƙƙin leburan da aka ɗauka aiki a ba shi ruwa da inuwa. Kuma ƙungiyoyin direbobi, wato sandika, da ke da baki a kan kuɗin lodi da na tasha, ya kamata su sa wannan a cikin abin da suke nema.

Na san za a yi mini jayayya, kuma wata jayayyar tana da ƙarfi. Wani tsohon direba ya ce mini, "Malam, mota da kunne ake tuƙa ta, in ka toshe mini ita, ta yaya zan ji ran da wani abu ya fara kuka a ƙafa?" Na ba shi gaskiya rabi. Amma rurin faifan ƙarfe da kwaramniyar ƙofa ba su ne labarin da yake son ji ba, su ne ma ke danne shi. In an kashe su, kukan da yake nema zai fi fitowa fili, kuma babu soson da zai hana shi jin oda, tun da gilashinsa a sauke yake. Wani kuma zai ce, mai motar da ya kasa canja tayar da ta suɗe, kai kana yi masa zancen soso? Wannan na sallama masa baki ɗaya: birki da taya da fitila su ne farilla, soso nafila ce, kuma ba a barin farilla a kama nafila. Sai dai na lura wanda ke kawo wannan uzuri bai rasa kuɗin amsa-kuwwa mai girgiza unguwa da fitilun ado masu launi bakwai ba.

Ni dai na sake aikin motata da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ƙura kuma ba ta taso ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin mutumin nan na farko na koma, da naɗin da na saya da kaina na kuma jarraba, na ja benci na zauna tun hantsi har ya gama. Ya kankare tsohon gam, muka tarar da tsatsa a daɓen baya inda guntayen katifarsa suka sha damina, aka kira mai walda ya toshe, ya sa facin butil a tsakiyar rufi da ƙofofi, ya bi da soso mai rufaffun kafofi, aka fesa wa saman farin fenti. Da Afrilu ya zagayo na ɗora tafin hannuna a silin da tsakar rana na bar shi nan ban janye ba, kuma a hanyar Dosso ni da dattijon nan mun yi hira ba tare da ɗaga murya ba. Sitiyari kam har yanzu ba ya taɓuwa in na manta ban rufe gilashin gaba da kwali ba, saboda haka kwalin yana nan ninke a bayan kujera, tare da butar alwala.